Sara, Suka ko Duka: Wane Makami Ya Cancanci Duwatsunka a Elden Ring?

Ranar da na fara shiga ramin haƙar ma'adinai na Limgrave, yankin farko a wasan bidiyo na Elden Ring, da taƙama na shiga. Takobin Uchigatana da ke hannuna ya riga ya gama da sojojin da ke zaune a Gatefront Ruins, ya yanka kyarketai kamar ana yanka kabewa. Don haka da na hango wani mahaƙi ya duƙa yana sarar dutse, ya juya mini baya, ko tsayawa tunani ban yi ba, na ɗaga na kai masa sara. Sai na ji "ƙwal!" Takobin ya yi tsalle ya dawo, hannuna ya wuntsila baya, layin ran mutumin kuwa da ƙyar ya motsa. Kafin in gane abin da ke faruwa ya juyo ya maka mini diga a tsakar ka. Na ƙara sara, na ƙara jin ƙwal. Abokan aikinsa biyu suka taso, aka yi mini taron dangi.

A lokacin na ɗauka ban kai matakin shiga wurin ba ne. Ashe matsalar ba ta mataki ba ce, na zo wa dutse da wuƙa ne.

Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a watan Fabrairun 2022, yana da nau'in ɓarna guda takwas. Huɗu na ƙarfin hannu ne: sara, suka, duka, da wani na tsaka-tsaki wanda bai karkata ko'ina ba. Sauran huɗun su ne sihiri, wuta, aradu, da abin da wasan ke kira mai tsarki, wato hasken zinariyar nan. Bayan waɗannan akwai cututtukan da ke taruwa a jiki sannu a hankali har su fashe: zubar jini, sanyin ƙanƙara, dafi, jan ruɓa, barci, hauka da annobar mutuwa. Kowane abokin gaba yana da abin da ke shigarsa da abin da ba ya shigarsa, kuma wasan ba zai rubuta maka wannan a goshinsa ba. Abin da ya sa zaɓi ya zama dole shi ne duwatsun ƙira, waɗanda ake ƙara wa makami ƙarfi da su. Makami na gama-gari yana hawa har zuwa +25, na musamman kuma +10, kuma a rabin farko na wasan duwatsun ba sa isar mutum ya ɗaga makamai biyar. Ko ka so ko ka ƙi, sai ka tsai da ɗaya ko biyu ka kai wa maƙeri Hewg.

Mu fara da sara da duka, don su ne kishiyoyin juna. Sara na son nama: kare, kyarkeci, dorinar tudu mai hannaye barkatai, mutanen da ke sanye da tsumma ko fata. A kan irin waɗannan babu abin da ya kai takobi mai lanƙwasa ko katana daɗin aiki, ga sauri ga sauƙin janye jiki. Amma da zarar jiki ya zama dutse, ƙarfe ko ƙashi, sai sara ya zama wasan yara. Nan ne guduma da kulki ke cin kasuwarsu. Mahaƙan nan da suka wulaƙanta ni, da ƙananan gumakan dutse masu tsalle-tsalle a cikin kaburbura, da karnukan gadin kabari masu kan kyanwa, da ƙwarangwal, duk duka ne maganinsu. Babban misali shi ne Crystalian, halittun nan na lu'ulu'u. Ka sare su da takobi sai ka ga lambar da ke fitowa ta ba ka dariya. Amma idan ka dage da guduma har tsayuwarsu ta karye, jikinsu zai tsage, daga nan ko da me ka taɓa su ji suke yi. Wanda bai san wannan ba zai iya ɓata minti goma yana sarar abu ɗaya.

Aibin duka shi ne yawancin makamansa gajeru ne ko masu nauyi. Ƙaramar guduma sai ka shige jikin abokin gaba kafin ta same shi, babba kuma tana cin numfashi, tana barinka a buɗe bayan kowane bugu. Amma tana da wata riba da lamba ba ta nunawa: bugu mai nauyi yana saurin karya tsayuwar abokin gaba, ya durƙusa, ka samu damar soka masa makami a ƙirji.

Suka kuwa ta mai haƙuri ce. Mashi da siririn takobi suna da wata garaɓasa: idan ka soki abokin gaba a daidai lokacin da shi ma yake tsakiyar kai hari, ɓarnar tana ƙaruwa sosai, kuma akwai layar Spear Talisman da ke ƙara wannan garaɓasar. Ga shi kuma ana iya suka daga bayan garkuwa ba tare da an sauke ta ba, abin da mai sara ba ya iya yi. Dodannin nan masu fuka-fuki irin su Agheel, da jarumai masu sulke, suka ta fi sara shigarsu. Inda take ba da kunya shi ne cikin taro, domin tsinin mashi mutum ɗaya yake nema, ga kuma karnuka uku sun zagaye ka. Nau'in tsaka-tsakin nan, wanda yawancin gatura da miƙaƙƙun takubba ke yi, ba shi da inda ya yi fice, ba shi kuma da inda ya faɗi warwas. Ba abin raini ba ne ga sabon shiga.

Kafin in shiga maganar wuta da sihiri, akwai wani tarko da kusan kowa ke faɗawa. Za ka ɗauki takobinka ka sa masa wuta, ka duba allo ka ga jimillar ƙarfinsa ta haura ta da, ka yi murna. Ka je fagen fama ka ga bai fi na da ba, wani lokacin ma ya gaza. Dalili shi ne kowane nau'in ɓarna sai ya ratsa nasa shingen kariya a jikin abokin gaba. Makamin da ƙarfinsa ke dunƙule wuri ɗaya sau ɗaya ake cire masa haraji, wanda ya rabu gida biyu kuwa sau biyu ake cire masa. Saboda haka kada ka yarda da lambar allo. Je ka sami soja ɗaya a Gatefront, ka sare shi da wannan, ka huta a wurin hutu don ya sake dawowa da rai, ka sare shi da wancan, ka kwatanta abin da idonka ya gani.

Sihiri shi ne mafi sauƙin fara wasa da shi, wannan ba a musu. Wanda ya fara wasan a ajin Astrologer, wato mai sihiri, yana tsaye daga nesa yana jifa da tsafin Glintstone Pebble, abokan gaba na zubewa kafin su iso, har mahaƙan ramin ma sihiri na shigarsu. Sai dai ranar da ya isa makarantar Raya Lucaria zai gane kurensa, domin ya kai wa masu abu abinsu. Rennala, sarauniyar wurin, kusan kashi 80 cikin 100 na sihiri take shanyewa, alhali jikinta ba ya jure ƙarfe ko kaɗan. Shi ya sa masu sihiri ke yin tattaki zuwa Caelid tun da wuri su ɗauko Rock Sling, tsafin da ke jifa da manyan duwatsu, wanda ɓarnarsa ta ƙarfin hannu ce duk da cewa da sanda ake yin sa. Wato shi ma mai sihirin sai da ya nemi hanya ta biyu.

Wuta ta fi kowanne yawan abokan ciniki a cikin huɗun nan. Duk abin da yake itace ko tsiro ko ruɓaɓɓen nama yana tsoronta. Erdtree Avatar, ƙaton nan mai gadin ƙananan bishiyoyi, kamar busasshen kara yake a gabanta, kuma tana shigar Malenia, ɗaya daga cikin manyan abokan gaba, da kyau. Amma a Volcano Manor da kewayen Dutsen Gelmir, da gaban Magma Wyrm, da Fire Giant, da Mohg, kusan a banza take. Ruwa ma yana rage mata kaifi: idan ana ruwan sama ko abokin gaba na tsaye cikin tafki, wuta na raguwa, aradu kuma na ƙaruwa. Wannan ya sa aradu ke da daɗi a Liurnia, inda rabin ƙasar ruwa ne, kuma tana ratsa masu sulke. Tsofaffin dodanni na Farum Azula kuwa da ita suke wasa, kada ka kai musu.

Hasken zinariya shi ne wanda nake ba kowa shawarar kada ya gina gidansa a kai. Ba wai ba shi da amfani ba ne. A kan matattun da suka ƙi kwanciya babu kamarsa. Ƙwarangwal idan ka kashe shi da makami na yau da kullum zai sake haɗa ƙasusuwansa ya miƙe, sai ka ƙara masa bugu yana ƙasa yana ƙyalli. Amma da fasahar Sacred Blade, wadda ake samu a jikin wani buzuzu arewa da Third Church of Marika, ko da tulun Holy Water Pot, bugu ɗaya ya kwanta ke nan. Tibia Mariner mai kwale-kwale da tsuntsayen mutuwa ma haka. Matsalar tana ƙarshen wasa. Manyan da za ka kara da su a can, Maliketh da Radagon da Elden Beast, daga wannan hasken aka yi su, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasa suke shanyewa. Ka yi tafiyar awa sittin da makamin da zai juya maka baya a ƙofar ƙarshe, wannan ba dabara ba ce. Ka riƙe shi a matsayin kayan shiga kabari kawai.

Yanzu ga inda gardama ta fi zafi a tsakanin 'yan wasa: zubar jini ko sanyi.

Zubar jini ba ya aiki da bugu ɗaya. Kowane sara yana ƙara wani ma'auni da ba ka gani a jikin abokin gaba, idan ka yi jinkiri ma'aunin ya sauka, idan ka cika shi sai jini ya yi tsartuwa, wani babban yanki na ransa ya tafi lokaci guda. Yankin nan kaso ne na dukkan ransa, kusan 15 cikin 100 ga ƙananan abokan gaba, wajen 10 ga yawancin manya. Ma'ana, duk yadda abokin gaba ya kai da yawan rai, haka jinin zai yi masa ɓarna. Shi ya sa Fire Giant, wanda ransa kamar ba zai ƙare ba, yake narkewa a gaban mai katana biyu. Shi ya sa kuma takobin Rivers of Blood ya yi suna har ya gunduri mutane. Sai dai duk lokacin da jinin ya fashe, na gaba yana ƙara wuyar cikawa, kuma idan kana son ya yi sauri sosai sai ka zuba maki a Arcane, ɗaya daga cikin sassan ƙarfin ɗan wasanka, wanda ke nufin ka rage wa wani wuri. Babban aibinsa kuma a fili yake: abin da ba shi da jini ba ya zubar da jini. Gumaka, lu'ulu'u, karnukan kabari, Valiant Gargoyles guda biyun nan da ke sa mutane jifa da na'urar buga wasan don haushi, duk ba ruwansu. Radagon da Elden Beast ma haka. Na ga mutane da yawa sun ratsa wasan kamar iska da jini, suka zo faɗan ƙarshe suka tsaya cak, domin ba su taɓa koyon faɗa ba tare da shi ba.

Sanyi ya fi natsuwa. Idan ya cika yana cire nasa yankin, wanda bai kai na jini ba, amma sai ya bar abokin gaba yana shan ƙarin kashi 20 cikin 100 na duk wani bugu har tsawon daƙiƙa 30. A cikin wannan lokacin ba za ka iya sake cika shi ba, sai dai idan ka taɓa shi da wuta, wadda ke narkar da ƙanƙarar ta ba ka damar farawa daga farko. Ba ya buƙatar Arcane, kuma yana amfanar duk wanda ke tare da kai, ko aboki ko ruhin da ka kira. Idan makaminka mai nauyi ne, mai bugu ɗaya-ɗaya, sanyi ya fi dacewa da kai, domin jini na son mai yawan sara. Idan kuwa hannunka mai sauri ne, jini ya fi biya. Wasu makaman da aka haife su da jini, irin Uchigatana, ana iya sa musu sanyi su riƙe duka biyun.

Dafi da jan ruɓa ba na gaggawa ba ne, suna ci ne a hankali kana gefe kana kaucewa. Ruɓa ta fi dafi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma tana taimakawa ƙwarai a kan babban abokin gaba Radahn. Barci kuwa kusan don mutum biyu aka yi shi: Godskin Duo. Jefa wa ɗaya tulun barci ya yi ta minshari, ka ji da ɗayan. Hauka ba ta kama dodanni, sai 'yan wasa da masu siffarsu, don haka ba ta cikin lissafin wanda ke wasa shi kaɗai.

To me zan zaɓa? Ga wanda wannan ne zagayensa na farko, babban makami ya zama na ƙarfin hannu zalla, a gyara shi ya bi Strength (ƙarfi) ko Dexterity (zafin nama), wanda duk ka fi zuba wa maki. Dalilina shi ne man shafawa. Makamin da ba a cusa masa wuta ko sihiri ba yana karɓar mai: ka shafa na wuta a gaban Avatar, na aradu a cikin tafki, na jini a gaban ƙato. Wanda aka riga aka cusa wa wani nau'i ba ya karɓa, ya zama mai sana'a ɗaya. Makami na biyu kuma ya zama na duka, ko da yana bayan babban da mataki biyu ko uku. Mafi sauƙin samu shi ne Morning Star, yana cikin akwati a wata karyayyiyar keken doki jim kaɗan bayan ka tsallaka Bridge of Sacrifice zuwa Weeping Peninsula. Kulki ne mai ƙayoyi, yana duka kuma yana zubar da jini. Da shi na koma ramin nan na rama abin da aka yi mini, bugu uku mahaƙin ya kwanta.

Wannan duk rabin magana ne, domin su ma abokan gaba da irin waɗannan nau'o'in suke dukanka, kuma a nan zaɓin shi ne garkuwa ko birgima.

Garkuwa mai tare kashi 100 na ƙarfin hannu, irin Heater Shield da ajin Vagabond ke farawa da ita ko Brass Shield da sojoji ke yarwa, tana mai da Limgrave wurin shan iska. Ka tare, ka mayar da martani nan take da bugu mai nauyi, soja ya durƙusa. Amma lambar 100 ɗin ta ƙarfe ce kawai. Wutar Agheel, da sihirin malaman Raya Lucaria, da wuƙaƙen haske da babban abokin gaba Margit ke jifa da su, duk suna ratsawa su ci wani abu. Cututtuka ma suna taruwa ko kana bayan garkuwa. Kamu kuwa ba a tare shi sam: idan Abductor Virgin, akwatin ƙarfen nan mai taya, ta buɗe cikinta ta miƙo hannu, ko ka kauce ko ka shiga. Malenia kuma ta wuce nan, domin duk bugun da ta kai maka ranta na ƙaruwa ko da a kan garkuwa ya sauka. Mai tarewa ciyar da ita yake yi.

Birgima ba ta da waɗannan matsalolin, tana da nata. Tana aiki ne da ɗan ƙanƙanin lokacin da babu abin da ke taɓa ka, kuma masu wasan sun san kana dogara da shi, shi ya sa suka koya wa manyan abokan gaba jan rai. Margit zai ɗaga sandarsa sama ya riƙe, ya riƙe, har sai ka tsorata ka yi birgima, kana miƙewa sandar na sauka. Maganinsa ka daina kallon ɗagawar, ka jira saukowar. Sau da yawa kuma birgima zuwa cikin harin ta fi ta baya, domin mai ja da baya yana nan cikin layin bugu na biyu. Hare-haren da ke bin ƙasa, irin takun Godfrey da ke girgiza fili, tsalle ya fi birgima a kansu. Sannan ka lura da lokacin shan magani: Godskin Apostle yana ganin ka ɗaga kwalba zai jefo baƙar wuta, Margit kuma wuƙa. Ka sha bayan ya gama jerin harinsa, ba don ka yi nisa da shi ba. Duk wannan kuma ya dogara da nauyin kayanka. Da zarar ya wuce kashi 70 cikin 100 na abin da za ka iya ɗauka, birgimarka ta zama ta buhun masara. Gara ka cire kwalkwali da ka haura wannan layin.

Ni dai ina ɗaukar matsakaiciyar garkuwa don hanya da kaburbura, inda kibiya da kare ke fitowa daga lungu, in kuma rataye ta a baya idan na shiga wurin babban abokin gaba.

Layu kuwa a canza su kamar riga, gwargwadon inda za a. Flamedrake don wuta, Spelldrake don sihiri, Boltdrake don aradu, Haligdrake don hasken zinariya, Dragoncrest don ƙarfe. Mutane na mantawa da Haligdrake saboda ba a cika dukansu da haske a farko ba, alhali a faɗan ƙarshe kusan duk abin da ke faɗo maka daga sama shi ne. A ɓangaren cututtuka, ma'auni huɗu ne ke kare ka: Immunity na dafi da ruɓa, Robustness na jini da sanyi, Focus na barci da hauka, Vitality na annobar mutuwa. Ba sa rage zafin ciwon, suna tsawaita lokacin da zai ɗauka kafin ya kama ka ne. A cikinsu annobar mutuwa ce ba ta da magani bayan ta cika, nan take za ka mutu ko ranka a cike yake, don haka idan ka ga kwaɗin nan masu manyan idanu sun fara fesa baƙin hayaƙi, fita daga cikinsa kawai. Ruɓa kuma ka tanadi Preserving Boluses, ko ka sa maki 12 a Faith ka koyi tsafin "Flame, Cleanse Me", wanda ke wanke dafi da ruɓa gaba ɗaya. A fadamar Aeonia ka zauna a kan dokinka Torrent, ruɓar ba za ta taɓa ka ba. A Lake of Rot babu doki, kuma kada ka kuskura ka yi birgima a ciki: ruɓar za ta manne a jikinka ta ci gaba da hawa ko bayan ka taka tudu, sai ka wanke da sabulu.

In kuma ka riga ka zuba makinka a inda ba ka so, ba a rufe ƙofa ba. Bayan ka kayar da Rennala, ka kai mata Larval Tear guda ɗaya za ta ba ka damar sake raba makin daga tushe. Duwatsun da ka riga ka kai wa Hewg ne ba sa dawowa, sai dai ka nemo ƙararrawar mahaƙa daga ramuka irin Raya Lucaria Crystal Tunnel, ka kai wa tagwayen tsofaffin nan na Roundtable Hold, sansanin da Hewg ke zaune, su fara sayar maka da su. Mai gadin wannan ƙararrawar kuwa Crystalian ne, don haka ka tafi da kulkinka.